Fanel ɗin PCB: in haɗa da hannuna ko in yi oda daga Sin?

Ɗan_Rijiyar_Zaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a harkar nan. Wata takwas ke nan da na haɗa wata 'yar na'ura da ke kashe famfon rijiyar burtsatsen gidanmu idan tankin sama ya cika, ta kuma tayar da shi idan ruwa ya yi ƙasa. Kayanta ba yawa: NE555 (ƙaramin IC mai ƙidayar lokaci) guda ɗaya, transisto biyu, rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) mai bolt 12, sai wayoyi uku da ke shiga cikin tanki. A kan allon Vero, mai zuwa da ramuka da layukan tagulla a jere, na haɗa ta, kuma har yau tana aiki, alhamdulillahi. To maƙwabta sun gani, yanzu mutum 14 ke son irinta. Na fara yi musu, sai na ga kowace ɗaya tana cinye mini yini guda, ga yankan layi, ga jan waya ta baya. Cikin biyar da na gama, biyu dalma ta haɗe layi da layi, na kwana ina nema. Shi ne nake tunanin komawa fanel na gaske, wato PCB, allon da ake fitar da layukan da'irar da tagulla a kansa. Tambayata: in koyi zana shi in wanke da sinadari a gida, ko in tura Sin a buga mini? Wanne ya fi ga mai ƙaramin ƙarfi?

Inbata_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Guda 14? Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka, tura Sin kawai. JLCPCB da PCBWay kamfanonin buga fanel ne, duk a Sin suke, kuma suna karɓar ƙaramin aiki, guda biyar ma za su yi maka. JLCPCB sun daɗe suna tallan dala 2 a guda biyar idan fanel ɗin bai wuce santimita 10 a tsawo da 10 a faɗi ba. Zai zo maka da koren fenti, da ramukansa a huje, da sunan kowane abu a rubuce inda za a sa shi. Mai saye ma idan ya buɗe ya gani, sai ya fi yarda da aikinka.

SaniLantarki:
Dala 2 ɗin nan ita ce ke jan mutane, amma ba ita ce kuɗin ba. Kuɗin yana wurin kawowa. Ni odata ta ƙarshe, abin da na biya kamfanin jigila ya ninka kuɗin fanel ɗin fiye da sau goma, sannan da kayan suka iso Legas aka sake kira na wai sai na biya wani abu kafin a sake su. A faɗa masa gaskiya tun yanzu don ya yi lissafi da kyau.

Baba_Mai_Rediyo:
Yaro, Allah ya yi wa aikinka albarka. Bari in ba ka labarin yadda muka yi a zamaninmu, ka ɗauki abin da zai amfane ka. Lokacin da na fara gyaran rediyo, babu kwamfuta a hannun kowa. A takarda muke zana layukan da fensir, mu ɗora takardar kabon a kan farantin tagulla mu bi zanen, sannan mu ɗauko jan farce na mata mu bi layi ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Idan ya bushe sai mu jefa cikin ruwan ferik. Inda jan farce ya rufe, tagulla ta tsira, sauran duk ruwan ya cinye. Huda kuwa, motar tsohuwar kaset muke cirewa mu ɗaura mata allura a baki. Da haka na yi amfilifaya da yawa na masallatai, wasu sun yi shekaru suna kiran salla. Abin da nake so ka gane shi ne, na'urarka mai NE555 ba ta fi ƙarfin hannu ba. Ƙafa takwas ce kawai, tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54, tsinke ma yana wucewa. Ka koya, ko da daga baya za ka riƙa yin oda. Wanda ya taɓa wanke fanel da hannunsa, ya san dalilin da ya sa ba a matse layi.

Ɗan_Rijiyar_Zaki:
Amin Baba, na gode ƙwarai. To shi ruwan ferik ɗin a ina ake samu? Kuma farantin tagullar fa?

Baba_Mai_Rediyo:
Farantin, ka shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin ka tambaya. Ba kullum ake samu ba, wani lokaci sai sun sa an kawo daga Alaba. Ferik kulorayid kuwa, masu sayar wa makarantu kayan ɗakin gwajin kimiyya za ka nema. Gari ne ko dunƙule mai launin ƙasa-ƙasa.

Injiniya_Zee:
Sannunku da ƙoƙari. Baba ya yi gaskiya, amma guda 14 da jan farce aiki ne ja, kuma ba za su fito iri ɗaya ba. Akwai hanyar da ke tsakiya, ita muka yi a aikinmu na ƙarshen karatu. Ka zana a KiCad, manhajar zanen fanel ce ta kwamfuta, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan ka sauke ta. Ka buga zanen da firinta mai leza a kan takarda mai sheƙi, shafin tsohuwar mujalla ko kalanda ma yana yi. Ka goge tagullar da soson ƙarfe har ta yi wal, ka wanke da sabulu, kar yatsanka ya sake taɓa fuskarta domin maiƙon hannu yana hana tona (garin tawadar firinta) kamawa. Ka kifa takardar a kai, ka danne da dutsen guga mai zafi kamar minti biyar kana zagaya gefe-gefe da bakin dutsen. Daga nan ka tsoma a ruwa, ka bari takardar ta jiƙu sosai, ka murje ta a hankali da babban yatsa. Tonar za ta zauna a kan tagulla. Inda layi ya yanke ka cike da alƙalamin maka wanda ba ya gogewa. Dalilin da ya sa dole sai mai leza: tonarta garin roba ce, zafi yana narkar da ita ta manne. Tawadar firinta mai ruwa ba ta yin haka, ko ka kwana kana guga.

Abba_555:
Kuma kar ka manta ka juya zanen kamar a madubi kafin ka buga, in ba haka ba komai zai fito a baibai.

Injiniya_Zee:
Malam Abba, a nan akwai gyara. Idan layukan suna fuskar ƙasa ne, wato kayan suna sama ƙafafunsu sun ratsa rami, ba a juyawa. KiCad tana nuna maka fuskar ƙasa kamar kana hango ta ta cikin allon daga sama, kifawar da za ka yi a kan tagulla ita ce juyawar. Fuskar sama ce ake juyawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa ɗan rubutu a kan tagullar, ko da sunan na'urar ne. Idan a takarda rubutun ya fito a juye, to a kan fanel zai miƙe.

Abba_555:
Haka ne, na karɓi gyara. Ni kayan da ake mannawa a sama nake yawan yi shi ya sa. Na gode Hajiya.

Damagaram_Tek:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan matsalar kuran, wato wutar lantarki, ta sa da dutsen guga na gawayi nake yi, kuma wallahi ya fi mini na lantarki, saboda nauyinsa. Sai dai ka kula da zafi. Idan ya yi yawa tonar tana malalewa, layi biyu su haɗe, wani lokaci ma tagullar ta kumbura ta rabu da allon, musamman allo mai ruwan ƙasa na arha. Ina shimfiɗa farar takarda tsakanin dutsen da aikin, idan ta fara yin ja na san zafin ya kai maƙura, sai in ɗaga ya ɗan huce.

Gwani_Sola:
Tambaya: in babu ferik, ruwan batirin mota ba zai yi ba? Ai shi ma asid ne.

Malamin_Kimiyya:
Ba zai yi ba, Malam Gwani. Ruwan batir asid ɗin salfa ne da aka sirka, shi kaɗai ba ya cin tagulla, sai dai ya ci rigarka da fatarka. Abin da wasu ke yi in babu ferik shi ne asid haidurokulorik, irin wanda masu aikin tayil ke wanke siminti da shi, a haɗa da haidurojin feroksayid na kemis mai kashi 3 cikin ɗari. Awo biyu na feroksayid, awo ɗaya na asid, kuma asid ɗin ake zubawa cikin feroksayid a hankali. Yana ci da sauri, ruwan ya koma kore, kana ganin aikin da idonka. Amma ina roƙon wanda bai saba ba ya tsaya a ferik. Tururin wannan asid yana shaƙe numfashi, kuma duk ƙarfen da ke ɗakin sai ya yi tsatsa, har filaya da sukundireba. A tsakar gida ake yi, da safar hannu da tabarau, yara kuma su yi nisa.

Shi ma ferik yana da ƙa'idarsa. Garin ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, domin yana ɗaukar zafi idan yana narkewa. A roba ko gilashi kawai. Kar a kuskura a sa shi a tukunyar alminiyam ko kwanon silba, nan take zai fara tafasa yana cin kwanon. Idan ya ɗiga a tufafi, tabon ya zauna ke nan. Da sanyin hunturu yana yin nawa, sai ka ɗora robar a cikin wata babbar roba mai ruwan ɗumi, kana ɗan jijjigawa. Sabon haɗi mai ɗumi, cikin minti 15 zuwa 20 ya gama. Kar ka tafi ka bar shi, in ya daɗe sai ya fara cin layin ta ƙarƙashin tonar.

Ummu_Hanif:
Ni abin da ke damuna a wannan hira, kowa yana maganar yadda za a haɗa ruwan, babu mai maganar inda za a zubar da shi. Maigidana yana wannan aikin, na taɓa ganin ya tuttular da tsohon ruwan a gindin bishiyar gwaibarmu, cikin 'yan makonni ganyenta ya ƙone. Mu da muke shan ruwan rijiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci, Allah ya saka. Tsohon ruwan cike yake da narkakkiyar tagulla, guba ce ga tsiro da kifi. Na farko, ba a saurin zubarwa, a mayar da shi jarka mai murfi a rubuta a jiki, zai yi aiki sau da yawa. Idan ya mutu gaba ɗaya, sai a riƙa barbaɗa masa sodar wanki kaɗan-kaɗan. Kanwa ma tana yi, tunda sinadarin da ke cikin sodar yana cikinta. Zai yi ta kumfa, a ci gaba har kumfar ta tsaya. A bar shi ya kwanta, laka za ta taru a ƙasa, a cikinta tagullar take. A shanya ta bushe a ƙulle a roba, kar ta shiga kwata ko kusa da rijiya.

Inbata_Kaduna:
To kun gani ko? Asid, tururi, tabo, guba, ga hudar rami. Ɗan Rijiyar Zaki, ƙirga ramukan na'urarka. In ta yi kaɗan rami 50. Sau 14, rami 700 ke nan da hannu, da bakin huda mai milimita 0.8 wanda ko tari ka yi sai ya karye. Ga shi allon FR4 zaren gilashi ne a cikinsa, yana dakushe baki da wuri. Ni na yi shekara uku ina wankewa a gida kafin in daina, ba raina hanyar nake ba. Amma tunda sayarwa za ka yi, lokacinka ma kuɗi ne.

Game da abin da Sani ya faɗa na jigila, akwai mafita. 'Yan kasuwarmu na Kwari da Wambai da ke sayayya a Sin suna da wakilai a Guangzhou masu tara kaya su auna da kilo su turo. Ka sa adireshin ɗakin ajiyarsu a matsayin inda za a kai, kamfanin ya kai musu a cikin gida da arha, su haɗo maka da kayan mutane. Ƙananan fanel guda 20 ba su kai kilo ɗaya ba.

SaniLantarki:
Wannan hanyar tana yi idan ka samu mai amana. Ni na taɓa bi ta wurin wani wakili, 'yar ƙaramar leda ce, ta shige cikin manyan kwalaye, sai bayan wata biyu aka gano ta. Ka rubuta sunanka da lambarka manya a adireshin, kuma ka tura masa lambar bin sawun kayan tun ranar da aka fitar. Sannan a kula da lokacin sabuwar shekarar Sin, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu take faɗowa, masana'antu da masu jigila duk suna tafiya hutu.

Kumasi_Zango_Boy:
Mu a nan mu huɗu muke haɗa oda. Kowa ya kawo zanensa, a sa a kwando ɗaya, a raba kuɗin jirgi. Har da kayan haɗi muke sayowa daga LCSC, kamfanin sayar da kayan lantarki na Sin. Ku da kuke da yawa a Kano me zai hana ku yi haka duk wata?

Abba_555:
Wannan shawara ce. In za a yi ina ciki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi, ni kaɗai ba na iya ɗaukar kuɗin jirgi.

Injiniya_Zee:
Kafin kowa ya tura oda, ga abin da ya same ni, don kar ya samu wani. Na zana fanel, na fitar da fayilolin Gerber (irin fayil ɗin da kamfani ke buga fanel da shi), na tura, na jira mako uku. Da suka zo gwanin kyau, sai rile ya ƙi shiga. Samfurin ƙafafun da na zaɓa a KiCad na wani rile ne daban, ba irin wanda ake sayarwa a kasuwarmu ba. Kamfani ba su da laifi, abin da na ba su shi suka buga. Tun daga ranar, sai na sayi kayan a hannu tukuna, in buga zanen a takarda daidai girmansa, in ɗora a kan kwali, in soka ƙafar kowane abu a raminsa. Rile, tasha mai sukurori, babban kafasita, su ne suka fi ba da matsala. A nan ne nake ganin maganar Baba da ta Malam Inbata ba sa karo da juna: guda ɗaya na gwaji a gida, in ya yi aiki sai a tura a buga da yawa.

Baba_Mai_Rediyo:
'Yata kin fahimce ni. Allah ya ƙara basira.

Mai_Wayarin_Gusau:
Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga tambayar, amma abin ya tsaya mini a rai tun da na karanta saƙon farko. Ɗan'uwa, famfon naka doki nawa ne? Kuma wutarsa ta cikin rile ɗin nan take bi? Famfo mai doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, yana jan amfiya biyar ko fiye yana cikin gudu, lokacin tashi kuwa ya ninka haka sau da yawa. Tagullar da ke kan fanel kaurinta maikiron 35 ne kawai, layi mai faɗin milimita ɗaya abin da zai ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce amfiya biyu ba. A gidanku kana kusa, kana jin wari ka kashe. A gidan mutane 14 fa? Ka sa ƙaramin rile ɗin ya riƙa tayar da kontakta (babban rile mai ɗaukar wuta da yawa), ita kuma kontakta ta ɗauki famfo. Sannan ɓangaren wutar NEPA da ɓangaren bolt 12 ka raba su da tazara mai kyau, milimita shida ko fiye, in da hali ka yanka tsaga a allon a tsakaninsu. Wayoyinka suna cikin ruwan da mutane ke alwala da wanka da shi. Ƙura da laimar damina suna iya haɗa layin da ke kusa da juna.

Ɗan_Rijiyar_Zaki:
Yallabai wallahi ban yi wannan tunanin ba. Doki ɗaya ne, kuma ta rile ɗin take bi kai tsaye, an rubuta amfiya 10 a jikinsa shi ya sa na saki jiki. Guda ukun da na riga na ba mutane gobe in sha Allahu zan je in sa musu kontakta.

Mai_Wayarin_Gusau:
Madalla. Amfiya 10 ɗin da ke jiki na kaya irin su hita ne, motar famfo tana cin bakin rile da tartsatsi har wata rana ya manne ya ƙi saki. Ka sa fis kuma.

Gwani_Sola:
Tunda an zo nan, wayoyin cikin tankin ma suna cinyewa idan wutar DC ce ke bi ta cikinsu kullum. Nawa wata huɗu suka yi suka zama kore. Na koma sukurorin bakin ƙarfe marar tsatsa, daga baya na sa makunni mai yawo a kan ruwa na huta.

Damagaram_Tek:
Mu koma kan fanel. Abin da ban ji an faɗa ba: na gida fuska ɗaya ce ke da sauƙi. Fuska biyu sai ka daidaita sama da ƙasa, kuma ramukan ba su da rufin tagulla a ciki kamar na kamfani, dole ka soka waya ka liƙa ta kowane gefe. Don haka ka zana a fuska ɗaya, inda layi ya rasa hanya ka tsallaka da guntuwar waya ta sama. Layi kar ya gaza milimita 0.8, ka faɗaɗa wurin zaman dalma. Da ka gama ka goge tonar da tina, ka shafa ƙaron dalma da aka narkar a sipirit don kar tagullar ta yi baƙi. Ni fanel ɗin ATmega328P, IC mai ƙafa 28, ina yin sa a gida lafiya lau. Amma ranar da na tashi yin abu mai ƙananan ƙafafu irin na cikin waya, ban ma gwada ba, oda na yi ta hannun wani ɗan'uwa a Kano.

SaniLantarki:
Abin da ke ba ni mamaki, ta yaya suke cin riba a dala 2?

Inbata_Kaduna:
Ba naka kaɗai suke bugawa ba. Suna tara zanen mutane da yawa su jera a babban faranti ɗaya, a wanke tare, a huda tare, sannan inji ya yayyanka kowa ya samu nasa. Shi ya sa in ka zaɓi abin da kowa ke zaɓa, kauri milimita 1.6, fuska biyu, koren fenti, ya fi arha ya kuma fi saurin fitowa. Kana canja wani abu sai ka ga kuɗi ko kwanaki sun ƙaru.

Ɗan_Rijiyar_Zaki:
'Yan'uwa ga inda aka kwana. Na sauke KiCad, kwana huɗu ina fama da ita kafin na gane yadda ake haɗa zanen da'ira da samfurin ƙafafu. Na raba ɓangaren NEPA kamar yadda Yallabai na Gusau ya ce, fanel ɗin ya zama santimita 6 da 7. Jiya na buga a shagon masu hoton takardu a kan shafin kalanda, na goge da dutsen guga. Tsakiya ta kama tsaf, har rubutun ya miƙe kamar yadda Injiniya ta faɗa, amma kusurwa ɗaya tonar ta biyo takarda ta tashi. Ban sa a ferik ba tukuna. In cike wurin da maka ne, ko in goge duka in sake? Layi huɗu ne suka yanke, ɗaya shi ne mai zuwa ƙafa ta 3 ta NE555.

Injiniya_Zee:
Layi huɗu kawai? Cike da maka, ka bi sau biyu, ka bari na farko ya bushe kafin na biyu. A na gaba ka goge kaifin gefen allon da fayil kafin guga, wannan ɗan tudun da zarto ke bari shi ke ɗage dutsen daga kusurwa.

Baba_Mai_Rediyo:
Ko ka nemi jan farce a cikin gida, ya fi alƙalamin maka jure ruwan ferik.

Abba_555:
Maganar haɗa oda fa? Ni da Sani mun zama biyu. Ɗan Rijiyar Zaki in gwajinka ya yi kyau ka yi magana kafin ƙarshen wata, mu sa naka a ciki.